TARIHI: Grete Hermann, matar da ta share wa kwamfuta hanyar aljabara shekara 20 kafin a ƙera ta

A yau duk ɗalibin lissafin da ke da kwamfuta da intanet zai iya sauke manhajar Singular ko Macaulay2 kyauta, ya rubuta mata tarin jimlolin aljabara masu haruffa da yawa, ya tambaye ta ko wata jimla tana fitowa daga cikinsu. Idan matsalar ba ta cika girma ba, kafin ya ɗauke hannunsa daga madannai amsa ta fito. Dubban masu bincike a jami'o'in duniya sun dogara da irin waɗannan manhajoji, kuma da wuya wani cikinsu ya tsaya ya tambayi kansa: wa ya fara tabbatar da cewa irin wannan lissafi yana da ƙarshe, ba za a yi ta bin sa har abada ba?

Wanda ya bi sawun wannan tambaya zai tsinci kansa a birnin Göttingen na ƙasar Jamus, a gaban wani kundin digirin digirgir mai shafi 53 da mujallar Mathematische Annalen ta buga a 1926. Wadda ta rubuta shi, Grete Hermann, ba ta wuce shekara 25 ba a lokacin. Ta rubuta shi shekara 10 kafin Alan Turing ya fayyace abin da ake nufi da na'ura mai lissafi, kuma shekara 20 kafin a nuna wa duniya kwamfutar ENIAC a Amurka.

Wannan mata sau biyu tana riga manyan masana gano abu mai muhimmanci, sau ɗaya a lissafi, sau ɗaya a kimiyyar fiziks, kuma sau biyun duniya ta ɗauki gomman shekaru kafin ta waiwaye ta. Tsakanin wannan da wancan ta yi gwagwarmaya da gwamnatin Hitler, ta yi gudun hijira, ta koma gida ta ƙare rayuwarta tana horar da malaman makaranta.

Daga Bremen zuwa Göttingen

An haifi Grete Hermann ranar 2 ga Maris, 1901, a Bremen, birnin kasuwanci da tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai na wani gida mai matsakaicin hali, mabiya ɗarikar Furotesta. Ta taso a zamanin da karatun mata mai zurfi yake sabon abu a ƙasar, domin sai a 1908 jami'o'in yankin Prussia, wanda Göttingen ke cikinsa, suka amince su riƙa ɗaukar mata a matsayin cikakkun ɗalibai. Ta yi sakandare a wata makarantar maza da ta fara karɓar 'yan mata ƙalilan, ta kammala a 1920.

Daga 1921 ta karanta lissafi da fiziks da falsafa a jami'o'in Göttingen da Freiburg. A wancan lokaci Göttingen ita ce cibiyar lissafi ta duniya. David Hilbert yana can, kuma ɗalibai suna tahowa daga ƙasashe daban-daban domin su zauna a gabansa. A nan Hermann ta haɗu da malamai biyu da suka raba rayuwarta gida biyu: Emmy Noether a fannin lissafi, da Leonard Nelson a fannin falsafa.

Ita kanta Noether ba ta samu wurin zama cikin sauƙi ba. Hilbert da Felix Klein ne suka gayyato ta Göttingen a 1915, amma wasu manyan malaman jami'ar suka ƙi yarda a bai wa mace izinin koyarwa. Ta yi shekaru tana koyarwa a ƙarƙashin sunan Hilbert, sai a 1919 aka ba ta izinin, kuma ko da aka ba ta laƙabin farfesa a 1922 babu albashi a tare da shi. Grete Hermann ce ɗalibar farko da ta yi digirin digirgir a hannunta a Göttingen. Ta yi jarrabawar kare kundinta a farkon 1925.

Sanin akwai abu daban, nuna shi daban

Kafin a fahimci abin da kundin ya warware, sai an san gardamar da ta riga shi. Abin da masana ke kira folinomiyal jimla ce ta lissafi da ake haɗawa da lambobi da haruffa masu wakiltar adadin da ba a sani ba, ta hanyar tarawa da ɗebewa da ninkawa kawai, kamar x² − y ko xy − 1. Yawan sau da haruffa suka ninka juna a gaɓa mafi girma shi ne darajar jimlar. Da irin waɗannan jimloli ake bayyana da'ira da layi da siffofi masu sarƙaƙiya, da su kuma ake lissafa motsin hannun mutum-mutumin masana'anta.

A 1890 Hilbert ya wallafa wata hujja da ta girgiza masana. Ya tabbatar da cewa duk wata zuriyar folinomiyal, komai yawanta, tana da iyaye ƙididdigaggu da ake samar da sauran daga gare su. Sai dai hujjar tasa ba ta nuna yadda za a samo waɗannan iyaye ba. Ta nuna kawai cewa rashin samuwarsu ba zai yiwu ba. Paul Gordan na Jami'ar Erlangen, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen lissafa irin waɗannan abubuwa da hannu, ya nuna rashin gamsuwa da wannan salo. A ganinsa, wanda ya ce akwai rijiya a daji amma bai nuna hanyarta ba, bai shayar da kowa ba.

Abin sha'awa, Gordan ne ya duba kundin digirin Noether a 1907, kundin da ta cika da lissafin hannu mai tsawo. Daga baya ta juya wa wannan salo baya, ta rungumi hanyar Hilbert, ta zama uwar aljabarar zamani wadda ke duban tsarin abubuwa daga sama ba tare da tsunduma cikin ƙididdiga ba. Amma ga ɗalibarta ta farko, sai ta miƙa mata tambayar da ke komawa ga damuwar Gordan: abubuwan da muka tabbatar akwai su, za a iya lissafo su cikin matakai masu iyaka?

Akwai wani mamaci a cikin labarin. Kurt Hentzelt matashi ne da ya yi karatu a Erlangen, ya fara aiki a kan wannan matsala, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya tafi fagen daga a 1914, bai dawo ba. Noether ta tattara abin da ya bari, ta gyara wani ɓangare ta buga a 1923. Hermann ta ɗora a kan ragowar, kuma ta sanya sunan Hentzelt a ƙarƙashin taken kundinta domin kada haƙƙinsa ya salwanta.

Abin da kundin ya ƙunsa

Taken kundin ya faɗi manufarsa kai tsaye: batun matakai masu iyaka a nazarin zuriyar folinomiyal. Misali ƙarami zai bayyana abin da ake nufi.

A ɗauka an ba ka jimloli biyu, x² − y da xy − 1, aka ce kowace daidai take da sifili. Sai aka tambaye ka ko x³ − 1 ma dole ta zama sifili. Idan ka ninka ta farko da x za ka samu x³ − xy. Ka tara wannan da ta biyu, xy ta kashe xy, abin da ya rage shi ne x³ − 1. Ke nan jimla ta uku 'ya ce ga biyun farko. Duk jimlolin da za a iya haifarwa ta wannan hanya, wato a ninka iyaye da wasu jimloli a tara, su ne zuriyar, abin da masana ke kira idiyal.

A wannan misali an yi sa'a, abin ninkawar x ne kawai. To idan ka gwada masu daraja ɗaya ba su yi ba, ka gwada masu daraja biyu da uku da goma ba su yi ba fa? Shin jimlar ba ta cikin zuriyar ne, ko kuwa amsar tana can a daraja ta dubu? Jimlolin da za a iya gwadawa ba su da iyaka, saboda haka mai nema bai san ranar da zai haƙura ba.

Hermann ta kafa iyakar. Ta nuna cewa daga yawan haruffa, da yawan iyaye, da darajarsu, za a iya lissafa wani adadi tun kafin a fara aiki, wanda idan har akwai amsa to ba za ta wuce shi ba. Da zarar an san wannan adadi, matsalar ta koma irin lissafin daidaito mai sauƙi da ake koyarwa a sakandare, sai dai yawa. In an bincika har iyakar ba a samu ba, to babu. Nema marar ƙarshe ya zama aiki mai farko da ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da a yau ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9 wanda daga taken littafinsa aka samo kalmar aljabara.

Ba ta tsaya nan ba. Kamar yadda ake farfasa 60 zuwa 2 sau 2 sau 3 sau 5, haka ake farfasa zuriyar folinomiyal zuwa sassa na asali. Alal misali, xy = 0 tana nufin ko dai x sifili ne ko y sifili ne, wato siffar da take bayyanawa layuka biyu ne da suka gitta juna, kowanne sashe ne mai zaman kansa. Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun wasan dara na ces na duniya daga 1894 zuwa 1921, shi ya tabbatar a 1905 cewa wannan farfasawa tana yiwuwa, Noether kuma ta faɗaɗa hujjar a 1921. Hermann ce ta shimfiɗa matakan da za a bi a lissafo sassan ɗaya bayan ɗaya.

Matsala guda ita ce girman iyakar da ta samo. Duk harafi ɗaya da aka ƙara, adadin yakan ninka kansa da kansa. A kwatanta da jerin da ya fara da 4: na biyu 16, na uku 256, na huɗu 65,536, na biyar ya haura biliyan 4, na goma kuwa lamba ce da sai an jera alƙaluma 309 kafin a rubuta ta. Babu mai alƙalami da takarda da zai iya bin wannan hanya har ƙarshe. A 1926 kundin ya zama kamar taswirar hanyar da ba a ƙera motar da za ta bi ta ba tukuna.

Ta ajiye lissafi, ta bi falsafa

Wanda ya rubuta irin wannan kundi, abin da ake tsammani shi ne ya ci gaba da hawa matakan jami'a. Hermann ba ta sake wallafa wani aiki a wannan fanni ba. A 1926 ta zama mataimakiyar Leonard Nelson, masanin falsafa mai bin tafarkin Immanuel Kant da Jakob Friedrich Fries. Nelson ya shahara da salon koyarwa irin na Socrates, inda malami ba ya ba da amsa, sai dai ya yi ta jefa tambayoyi har ɗalibai su kai ga matsaya da hankalinsu.

Nelson ɗan siyasa ne kuma. Ya kafa wata ƙaramar ƙungiyar 'yan gurguzu da ake taƙaita sunanta da ISK, mai tsauraran sharuɗɗa: mambobinta ba sa cin nama, ba sa shan giya, kuma sai sun fita daga rajistar coci. Ƙungiyar tana da makaranta a Walkemühle, kusa da garin Melsungen, wadda Minna Specht ke jagoranta. Hermann ta shiga ƙungiyar. Da Nelson ya rasu a watan Oktoban 1927 yana da shekara 45, ita da Specht suka ɗauki nauyin tattara laccocinsa, suka fitar da littafinsa kan falsafar ɗa'a da tarbiyya a 1932.

A wannan shekarar ce ISK ta fara buga jarida mai fitowa kullum a Berlin, mai suna Der Funke, ƙarƙashin Willi Eichler, kuma Hermann tana cikin masu rubutu a cikinta. Ƙungiyar ta fitar da kira na gaggawa ga manyan jam'iyyun ma'aikata biyu, SPD da ta 'yan kwaminis, da su haɗa kai su tare wa 'yan Nazi hanya. Albert Einstein yana cikin waɗanda suka sa hannu. Jam'iyyun ba su saurara ba. A watan Janairun 1933 Hitler ya hau mulki, aka haramta jaridar, aka ƙwace makarantar. A watan Afrilu aka kori Emmy Noether daga aiki saboda Bayahudiya ce. Ta tafi Amurka, inda ta rasu a 1935.

Kuskuren da aka yi shekara 30 ba a duba ba

Cikin wannan ruɗani Hermann ta shiga gardamar da ta fi kowace zafi a kimiyyar lokacin. Sabuwar kimiyyar kwantum, mai bayanin halayyar ƙwayoyin zarra, ba ta iya faɗin abin da ƙwaya ɗaya za ta yi, sai dai ta ba da yiwuwar kowane sakamako. Wasu masana suka ce wannan ya rushe tsohuwar ƙa'idar cewa kowane abu yana da sababi. Wasu kuma suka ce wataƙila akwai ɓoyayyun dalilai da ba a gano ba tukuna.

A 1932 John von Neumann, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarnin, ya fitar da littafi kan tushen lissafin kwantum, a ciki ya kawo hujjar da aka fahimta a matsayin tabbacin cewa ɓoyayyun dalilai ba za su yiwu ba. Saboda girman sunansa, masana da yawa suka ɗauka magana ta ƙare.

Hermann ta bi hujjar layi-layi, irin bin da ta yi wa folinomiyal. Ta tsaya a kan wani sharaɗi da von Neumann ya gindaya tun farko: cewa matsakaicin jimlar abubuwa biyu da aka auna daidai yake da jimlar matsakaicin kowanne. Wannan gaskiya ne ga abubuwan da za a iya aunawa lokaci guda. Amma a kwantum akwai abubuwan da auna ɗaya yake hana auna ɗayan, kamar wurin da ƙwaya take da ƙarfin tafiyarta, kuma babu dalilin tilasta wa ɓoyayyun dalilai wannan sharaɗi a irin wannan hali. Ta nuna cewa hujjar ta shigo da abin da take son tabbatarwa ta bayan gida, ta sanya shi cikin sharuɗɗanta.

Ta fara rubuta wannan a 1933, ta aika wa Paul Dirac kwafi a Ingila, kuma a cikin takardunsa aka gano rubutun bayan shekaru masu yawa. A 1934 ta tafi Leipzig ta zauna a zauren Werner Heisenberg, ta yi ta muhawara da shi da ɗalibinsa Carl Friedrich von Weizsäcker. Heisenberg bai manta da wannan muhawara ba, domin ya ware mata babi guda a littafin tarihin rayuwarsa na 1969. A 1935 ta wallafa cikakken nazarinta, a 1936 kuma Cibiyar Kimiyya ta Saxony ta ba ta lambar yabo ta Richard Avenarius tare da wasu masana biyu.

Duk da haka sukar da ta yi wa von Neumann ta nutse. Akwai dalilai da ake iya gani a fili. Cikakken rubutun ya fito ne a mujallar almajiran Nelson, wadda masana fiziks ba sa karantawa. Taƙaitaccen da ya fito a Die Naturwissenschaften, mujallar da suke karantawa, bai ƙunshi wannan sashe ba. Ita kanta ba ta ɗauki batun a matsayin ginshiƙin aikinta ba, domin ba goyon bayan ɓoyayyun dalilai take yi ba. Matsayarta ita ce kwantum bai rushe sababi ba: bayan an yi awo ana iya bin sawun dalilan da suka kawo sakamakon, abin da ba a iyawa shi ne hango shi tun kafin awon. A ƙara da cewa mace ce marar kujera a jami'a, 'yar adawa da gwamnati mai ci, kuma tana gab da barin ƙasar.

A 1952 David Bohm ya gina tsarin kwantum mai ɓoyayyun dalilai, abin da ake cewa ba zai yiwu ba. A 1966 John Bell ya wallafa maƙalar da ta nuna rauni a daidai sharaɗin da Hermann ta nuna, ba tare da ya san da aikinta ba. Sai a 1974 masanin tarihin kimiyya Max Jammer ya tunatar da duniya cewa an riga Bell da fiye da shekara 30. Har gobe akwai masu kare von Neumann, suna cewa ba a fahimci iyakar abin da ya yi iƙirari ba ne. Amma babu mai musun cewa Hermann ce ta fara ɗora yatsa a wurin. Tambayoyin da Bell ya buɗe su suka kai ga gwaje-gwajen da aka bai wa Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a kansu a 2022.

Gudun hijira da komawa gida

A shekarun farko na mulkin Nazi, Hermann ta ci gaba da hulɗa da 'yan ƙungiyarta da suka koma aiki a ɓoye, tana jagorantar tattaunawa kan haƙƙin da ke wuyan mutum idan zalunci ya zama doka. Ta riƙa rubutu da sunayen aro, cikinsu har da Gerda Bremer da Peter Ramme. Da ƙasar ta yi mata zafi, ta koma Denmak, inda Minna Specht ta sake buɗe makarantarta da yaran 'yan gudun hijira, daga nan ta wuce Faris, ta ƙare a Landan.

A Landan ta yi auren takarda da wani mutum mai suna Edward Henry domin ta samu shaidar zama 'yar Birtaniya. Wannan ya tsare ta daga sansanonin da gwamnatin Birtaniya ta tsare Jamusawa da yawa a cikinsu bayan ɓarkewar yaƙi, ciki har da ƙawarta Specht. Daga nan ake kiranta Grete Henry-Hermann. Ta yi shekarun yaƙin tana aiki da sauran 'yan gudun hijira wajen tsara yadda za a sake gina ilimi a Jamus bayan faɗuwar Hitler.

A 1946 ta koma Bremen, birnin da bama-bamai suka ragargaza. Matsalar da ta tarar ita ce ta malamai: shekara 12 ana cusa wa yara aƙidar Nazi, kuma ana buƙatar sababbin malamai da za su koya musu yin tunani da kansu. Ta shiga cikin waɗanda suka kafa kwalejin horar da malamai ta birnin, ta jagorance ta na wani lokaci, kuma daga 1950 zuwa 1966 ta kasance farfesar falsafa da fiziks a can. Tana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ƙwadago ta malamai da masana ta Jamus, wato GEW. Ta shiga jam'iyyar SPD, ta ba da gudummawa wajen tsara kundin manufofin Godesberg na 1959, wanda da shi jam'iyyar ta ajiye aƙidar Markisanci ta buɗe ƙofarta ga sauran jama'a. Daga 1961 zuwa 1978 ta shugabanci cibiyar falsafa da siyasa da Nelson ya kafa.

Ko malamin nata bai tsira daga bincikenta ba. A 1953 ta wallafa dogon nazari kan falsafar ɗa'a ta Nelson, ta nuna inda tsaurinsa ya wuce abin da hujjojinsa za su iya ɗauka. Girmamawar da take yi masa ba ta hana ta auna maganarsa da ma'aunin da ta auna ta von Neumann ba.

Lokacin da kwamfuta ta riski kundin

Yayin da take koyar da malamai a Bremen, tsohon kundinta ya fara samun masu karatu. Tun a 1930 Bartel van der Waerden ya lura cewa ɗaya daga cikin matakanta, wato farfasa folinomiyal zuwa sassa, ba ya yiwuwa a kowane irin tsarin lambobi sai da ƙarin sharaɗi. A 1974 Abraham Seidenberg na Jami'ar California ya sake bin aikin daga tushe, ya toshe giɓin da ke ciki, ya fayyace sharuɗɗan. Ginin ya tsaya, gyara kawai ya buƙata.

Motar da za ta bi hanyar ta fito daga Ostiriya. A 1965 Bruno Buchberger, ɗalibin Wolfgang Gröbner a Jami'ar Innsbruck, ya samar da wata dabara ta sake tsara iyayen zuriya yadda za a iya amsa tambayar ta hanyar rabawa, kamar yadda ake raba lamba da lamba a duba ragowa. Ya raɗa wa dabarar sunan malaminsa. A kanta aka gina manhajojin da ake aiki da su a yau: Macaulay, wadda Dave Bayer da Michael Stillman suka fara a 1983, da magajiyarta Macaulay2 ta Daniel Grayson da Stillman, da Singular ta Jami'ar Kaiserslautern, da CoCoA ta birnin Genoa a Italiya. Da su ake gwada hasashe kafin a nemi hujjarsa, ake lissafa matsayin da hannun mutum-mutumi zai iya ɗauka, ake kuma gwada ƙarfin wasu tsare-tsaren ɓoye saƙo.

Waɗannan manhajoji ba matakan Hermann suke bi kai tsaye ba, domin dabarun da suka zo daga baya sun fi sauri nesa ba kusa ba a yawancin matsalolin da ake haɗuwa da su. Amma tambayoyin da suke amsawa su ne ta jera, kuma ita ta fara tabbatar da cewa suna amsuwa. An daɗe ana zaton girman iyakarta alama ce ta rashin ingancin hanyarta. A 1982 Ernst Mayr da Albert Meyer suka gina misalan da suka nuna cewa a mafi munin hali ba makawa sai darajar ta yi irin wannan hauhawa, kowace dabara aka bi. Wahalar tana cikin matsalar ce, Hermann ta auna ta ne kawai. Shi ya sa har yau mai bincike kan ba kwamfuta jimloli kaɗan masu kamar sauƙi, ta kwana tana aiki har ma'adanarta ta cika ba ta gama ba.

Grete Hermann ta rasu a Bremen ranar 15 ga Afrilu, 1984, tana da shekara 83, shekara biyu bayan aikin Mayr da Meyer, shekara ɗaya bayan an fara rubuta Macaulay. A garinsu an fi saninta da malamar malamai da 'yar jam'iyya. Sai a 1998 aka fassara kundinta zuwa Turanci a mujallar masu aljabarar kwamfuta, sai kuma a 2012 masana suka yi taro na musamman a kan ayyukanta a Jami'ar Aberdeen ta Scotland, wanda ya haifar da littafin da Elise Crull da Guido Bacciagaluppi suka tsara.

Takardun da suka ɗauke ta zuwa wannan matsayi ba a ɓoye suke ba. Kundin 1926 yana cikin babbar mujallar lissafi ta zamaninsa, nazarin 1935 kuma yana kan kantocin ɗakunan karatu tun ranar da aka buga shi. Abin da aka rasa shi ne mai buɗewa ya bi su mataki-mataki, irin bin da ita ta yi wa aikin Hentzelt da na von Neumann da na Nelson.